Me ke cin shugabannin makarantun koyon sana'a? Fashin baƙi kan matsin aikin da ba a gani

Me ya sa mutumin da ya shekara ashirin yana koyar da walda ko wayarin cikin ƙoshin lafiya, da zarar an ɗora shi kan kujerar shugaban makarantar fasaha sai ka ga cikin 'yan shekaru ya zabge, barci ya ƙaurace masa, ya fara yawo da maganin hawan jini a aljihu? Tambayar ta zo a kan gaɓa. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Dakta Tunji Alausa, ta ƙaddamar da sabon shirin koyon sana'a, ta yi alkawarin karatu kyauta da alawus ga ɗalibai, ta kuma ce kashi 80 cikin 100 na karatun zai zama aiki da hannu. Tun daga nan hirar da ake yi a majalisu ta koma kan injuna da alawus da yawan yaran da za a ɗauka. Ba a cika tunawa da wanda zai tashi kullum ya nemo man janareta da sandar walda don wannan kashi 80 ɗin ya tabbata ba.

Fahimta iri biyu ce ta yaɗu a cikin jama'a, kuma duka suna buƙatar gyara. Ta farko ita ce firinsifal hutawa yake yi, ga ofis ga fanka, ba ya riƙe alli, nasa sa hannu ne kawai. Ta biyu ita ce duk wanda ya ce aiki ya matsa masa, to ko dai rago ne ko tawakkalinsa ya yi rauni. Wanda ya san cikin makarantar fasaha ya san inda gizo ke saƙar: an ɗora wa mutum alhakin komai, amma ikon da aka bar masa bai taka kara ya karya ba.

Gajiya daban, matsin aiki daban

Gajiya kowa ya san ta. Birkila ya yini yana ɗora bulo a rana, ya yi wanka ya kwanta, gari na wayewa ya tashi garau. Matsin aiki kuwa shi ne mutum ya kwanta da aikin a ransa ya tashi da shi, wata da watanni, saboda abin da ake nema a wurinsa ya fi ƙarfin abin da aka ba shi na yin aikin, wato kuɗi da ma'aikata da lokaci da ikon yanke hukunci.

A 1979 wani masani ɗan Amurka, Robert Karasek, ya fito da bayanin da har yau masu nazarin lafiyar ma'aikata ke aiki da shi. Ya nuna cewa yawan aiki shi kaɗai ba ya kayar da mutum kamar yadda yawan aiki haɗe da ƙarancin iko ke yi. Dubi mai garejin kansa. Yana iya aiki daga hantsi har isha'i, amma shi ke yanke kuɗin gyara, shi ke ɗaukar yaro ya sallame shi, in aiki ya fi ƙarfinsa ya ce wa mai mota ya dawo jibi. Shugaban makaranta ba ya ɗaukar malami, ba ya sallamar malami, ba shi ke sa ranar jarrabawa ba, ba shi ke ƙayyade yawan ɗaliban da za a turo masa ba, bai kuma san ranar da kuɗin gudanarwa za su shigo ba. Amma in sakamako ya lalace ko inji ya ɓace, shi za a miƙa wa takardar tuhuma.

A jiki ma abin yana da hanyarsa. Idan mutum ya ji barazana, jiki yakan saki sinadaran adiranalin da kotizol, zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, suga ya ƙaru a cikin jini. Wannan na da amfani in gudun ceton rai za a yi na 'yan mintuna. Idan ya zama abin kullum, daga kiran wayar ma'aikata zuwa kiran mai gadi da tsakar dare, jikin ba ya samun damar sauka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana matakin ƙarshe na wannan hali a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki, ta kuma ba shi alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, ƙwazo ya ragu. Da Hausa sai mu ce mutum ya sare.

Su wa ake nufi

Ana nufin shugabannin kwalejojin fasaha na gwamnati, irin na Farfaru da Runjin Sambo a cikin birnin Sakkwato da na Binji da Bafarawa, tare da mataimakansu na mulki da na karatu, da shugabannin sassa kamar na wayarin da kanikanci da gini da kafinta. Ana nufin masu tafiyar da cibiyoyin koyon ɗinki da saƙa da kwamfuta na gwamnati da masu zaman kansu. Shugabannin sassa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi su ma suna da nasu kason, sai dai yanayinsu ya ɗan bambanta, kamar yadda za a gani a gaba.

Wokshof ba aji ba ne

Nan ne tushen maganar, kuma nan ne mai kasafin kuɗi a ofis ya fi yin kuskure. Malamin tarihi in ya samu allo da alli da ɗalibai, darasi ya kankama. Wokshof kuwa, wato ɗakin aikin hannu, ciki ne da shi, kullum sai ya ci. Duk darasin da aka yi, wani abu ya ƙare ke nan har abada.

Ɗauki walda. Sandar walda geji 12, wadda kaurinta milimita 2.5 ne, ba ta wuce kamar minti ɗaya a wuta ta ƙone. Sabon ɗalibi kuma ɓarnarsa ta fi aikinsa yawa, domin sandar na manne masa a jikin ƙarfe, ya fizge, ɓawon ya fashe, a jefar. Idan yaro ɗaya ya ƙona goma a zama guda, yara ashirin sun ci ɗari biyu ke nan, ban da ƙarfen da aka yanka da faifan guranda da gilashin garkuwar fuska da ke tsagewa. A sashen wayarin, waya mai milimita 1.5 ta fitila da mai 2.5 ta soket duk lokacin da aka yanka ta ƙara gajarta, bayan zagaye biyu ko uku ta zama guntaye. Kafinta na son katako da ƙusa da gam da samfefa. Birkila na son siminti da yashi da ruwa, ruwan ma wani lokacin sai an saya. Yawancin waɗannan kaya ko daga waje ake shigo da su ko farashinsu na bin dala, shi ya sa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, kuɗin da a da ke riƙe zango guda yanzu ba ya kai ko'ina.

Sai wuta. Manyan injuna irin na gurzar ƙarfe da na feƙe katako wuta mai layi uku suke so, wadda masu wayarin ke kira tiri-fes. Idan layi ɗaya ya ɗauke alhali inji na aiki, motar injin ba ta tsayawa nan take, sai ta ci gaba da gurnani tana zafi har koyil ya ƙone. Ƙaramar na'urar da ke katse wuta in layi ya faɗi ba ta kai kuɗin sake naɗa koyil ba, amma sau da yawa ba a sa ta lokacin girka injin, sai ɓarna ta auku a ce sakacin makaranta ne. In aka koma ga janareta, mai ƙarfin kVA 30 da ke ɗauke da kaya sosai yana shan man gas kamar lita biyar zuwa shida a awa. Awa uku a rana, kwana biyar a mako, ya kama lita 75 zuwa 90. A makonni goma na koyarwa ana maganar lita 750 zuwa 900, kuma duk bayan kamar awa 250 na aiki sai an canza baƙin mai da filta. Mai karatu ya tambayi farashin lita a gidan mai mafi kusa da shi ya ninka, zai ga abin da ke hana shugaban makaranta barci.

Yanayin Sakkwato ma ba ya raga wa wokshof. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, a ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka. Sa yaro ya saka rigar aiki da safar hannu ya tsaya gaban wutar walda da ƙarfe ɗaya na rana neman suma ne. Dole a kai aikin hannu safiya, amma wutar lantarki ba ta san jadawalin makaranta ba, tana iya zuwa da la'asar bayan an tashi. Da hunturu kuma ƙura ke sauka kan gadon injin da aka shafa wa mai, ta haɗu da man ta zama kamar samfefa, tana cin ƙarfen a hankali har awo ya daina fita daidai. Batiran sola su ma zafi na rage musu kwana.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce a darasin aikin hannu malami ɗaya ya riƙe ɗalibai 20. Akwai hikima a wannan adadi, domin ido ɗaya ba ya iya lura da yara sittin a kusa da zarto mai juyawa. Idan aka turo sittin, shugaban na da zaɓi uku, kuma babu mai daɗi a ciki: ya raba su kashi uku man janareta ya ninka sau uku, ko ya cusa su gaba ɗaya ya jira ranar da yatsa zai tafi, ko malami ya yi aikin su kuma su tsaya kallo.

Iyayen gida da yawa, mai cefane babu

Shugaban kwalejin fasaha yana amsa kira daga wurare da dama. Ma'aikatar jiha ce ke biyan albashi da yi masa canjin wurin aiki. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 mai hedikwata a Kaduna, ita ke tsara manhaja da tantance ko sashe ya cancanci koyar da sana'ar. Hukumar NABTEB da ke Benin, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1990, ita ke shirya jarrabawar da ke ba da takardar NTC ta fasaha da NBC ta kasuwanci. Ga odita, ga masu duba makarantu, ga ƙungiyar iyaye da malamai, ga masu unguwanni da 'yan siyasa da ke aiko da takarda a ɗauki yaronsu bayan an rufe ɗauka. Kowa na da abin da yake nema, kowa na da wa'adinsa, ba kuma sa tuntuɓar juna.

Ga wani giɓi da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Kuɗin Hukumar UBEC na ilimin bai-ɗaya ne, daga firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Asusun TETFund kuma, bisa dokarsa ta 2011, na jami'o'i ne da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati. Kwalejin fasaha mai matakin babbar sakandare ta faɗa tsakani, ta wuce na farko ba ta kai na biyu ba, alhali ita ce sakandaren da ta fi kowace tsadar gudanarwa. Shi ya sa shugaban sashe a foliteknik, wato kwalejin kimiyya da fasaha, ke iya sa ran sabon gini ko inji daga TETFund, ko da yake shi ma asusun ba ya saya masa man janareta na yau da kullum, shi kuwa firinsifal sai abin da kasafin jiha ya sako.

Lokaci biyu ne matsin ke kaiwa maƙura. Na farko shi ne gab da jarrabawar aikin hannu ta tsakiyar shekara, lokacin da dole a tanadi kayan da kowane ɗalibi zai yi aiki da su, a tabbatar inji na tashi, a ajiye man da zai kai ƙarshen jarrabawa. Ranar ba ta ɗaguwa don kuɗi sun makara, saboda haka sai a ci bashi wurin 'yan kasuwa da sunan shugaban, wani lokacin ma daga albashinsa. Na biyu shi ne zuwan masu tantancewa. Sanannen abu ne a faɗin ƙasar nan cewa wasu makarantu kan yi aron kayan aiki su jera, baƙi na tafiya a mayar. Mutumin kirki da aka tura ga wannan hali yana cikin tsaka mai wuya: in ya faɗi gaskiya a rufe sashen a ce shi ya jawo, in ya yi aro zuciyarsa ta yi ta cinsa. Irin wannan nauyi na lamiri ya fi yawan takardu gajiyarwa.

Abin ba sabo ba ne. Lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, an shigo da injunan koyar da fasaha daga ƙasashen gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Da yawa sun ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin girkawa, babu wanda aka koya wa sarrafa su. Sayen inji ana yin sa sau ɗaya a ɗauki hoto, ciyar da shi kuwa kullum ne, kuma har yau wannan kason ne aka fi mantawa da shi a kasafi.

Malamin da kasuwa ke zawarci

Malamin lissafi in ya bar aji ba lallai ya samu inda ya fi ba. Malamin wayarin ko gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki kuwa kasuwa na jiransa a bakin ƙofa, musamman yanzu da gidaje da shaguna ke rububin sola. Aikin kwana biyu a gidan wani attajiri na iya kawo masa abin da ya kusa albashinsa na wata. Sai ya riƙa zuwa makaranta da ƙafa ɗaya. Shugaban ya san in ya matsa masa zai ajiye aikin, kuma ba a san shekarar da za a turo madadinsa ba, in ya ƙyale shi sauran malamai su ce ana son kai. Sashe guda kan rataya a wuyan mutum ɗaya, ranar da ya yi ritaya a sa kwaɗo a ƙofar.

Akwai kuma wani abu da ba a faɗa. Yawancin shugabannin nan an ɗauko su ne daga aji saboda daɗewa a aiki, ba tare da an koya musu riƙe littafin kuɗi ko dokar sayen kaya ko sasanta rigimar ma'aikata ba. Wani lokacin kuma a kawo wanda bai taɓa riƙe sifana ba ya shugabanci kanikawa, su raina shi, shi kuma ya kasa gane ko kuɗin gyaran da aka rubuto masa gaskiya ne.

Dare ma ba hutu

Makarantar fasaha na ɗauke da abin da ɓarawo ke so: wayar tagulla, batir, injin walda, kwamfuta. Tana kuma ɗauke da abin da ke kashewa, kamar tukunyar gas da wuta mai ƙarfi. In makarantar kwana ce, an ƙara da abinci da ruwa da rashin lafiyar yara. Tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020, da na Jangebe a Fabrairun 2021, da na Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, babu shugaban makarantar kwana a wannan shiyya da ke kashe wayarsa da dare. A gabashin Sakkwato, wajen Isa da Sabon Birni, abin ya fi tsanani. In aka kwashe ɗalibai aka mayar da su wata makaranta a birni saboda tsaro, yara na tafiya da akwatunansu, amma injin da aka kafe da siminti ba ya bin su. Shugaban sai ya zama yana gadin wokshof a can, yana koyar da sana'a da alli a nan.

Yadda yake bayyana a jiki

Yakan fara da ƙananan abubuwa: farkawa ƙarfe biyu na dare a kasa komawa, ciwon kai ta ƙeya, ƙwannafi, mantuwa, saurin fushi a gida a kan abin da bai kai ya kawo ba. Daga nan mutum ya fara gudun ofis, ko ya zauna a ciki ya kasa yanke komai, fayil ya taru. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya nuna cewa masu aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru musu da kashi 35 cikin 100, na mutuwa ta ciwon zuciya kuma da kashi 17, in aka gwada da masu awa 35 zuwa 40. Shugaban makarantar kwana da ke zaune a cikin harabar makaranta yana wuce awa 55 tun kafin Juma'a.

Hawan jini ba ya sallama. Wanda awonsa ke kaiwa 140 bisa 90 ko sama a ranaku daban-daban ya ga likita, kada ya tsaya ga maganin ciwon kai na kemis. Wanda kuma ya kai ga baƙin ciki mai ɗorewa ko ya ji rayuwa ta fita daga ransa, akwai likitocin wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa da ke Kware. Zuwa can ba hauka ba ne. Masu cewa rashin tawakkali ne su tuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, ya kuma gaya wa sahabin da ya matsa wa kansa da ibada cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Jami'an ma'aikata za su ce kuɗi ba sa isa, ga albashi ga ciyarwa ga tsaro, kuma an sha sakin kuɗin kayan aiki su bi ta wata hanya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Akwai shugabannin da suka ci amana, akwai sitocin da aka wawashe da sanin na ciki. Sai dai maganin da aka saba bayarwa, wato a janye ikon kashe ko sisi daga makaranta a mayar da komai hedikwata, mai gaskiya ya fi cutarwa. Bel ɗin inji ya tsinke yau, takarda ta yi wata biyu tana yawo daga tebur zuwa tebur, zango ya ƙare inji na kwance.

Iyaye kuma na cewa an ce karatu kyauta ne, don me za a ce yaro ya zo da waya ko katako? Su ma suna da hujja, musamman a wannan tsadar rayuwa. Amma kyauta a wurin uba ba ta nufin kayan sun sauko daga sama, wani ne zai biya, in kuwa gwamnati ba ta biya ba, uba bai biya ba, to darasin ne ba za a yi ba.

Wasu na ganin mafita ita ce makaranta ta riƙa neman na kanta, ta ƙera kujerun firamare da ƙofofi da tagogi ta sayar. Ra'ayi ne mai kyau, domin yaro na koyo a kan aikin gaske, kuɗin kaya kuma na fitowa daga mai saye. Amma in babu izini a rubuce, da asusun banki na daban mai sa hannun mutum biyu, da kwamitin da ke duba lissafi duk zango, wannan sashe kan zama sabon tarko ga shugaban. Malamai su yi zargin ya cinye, iyaye su ce an mai da 'ya'yansu leburori, odita ya zo ya tarar babu rasit.

Inda abin ke taɓa talaka

Shugaban da ya sare ba ya yin sanarwa. Abin da yake yi shi ne ya zaɓi hanyar da ba za ta jawo masa takardar tuhuma ba: ya kulle wokshof don kada kaya su ɓace ko yaro ya ji rauni, a koma zana injin a allo. A takarda komai lafiya, inji na nan, ɗalibai na nan. Bayan shekara uku yaro ya fito da takardar shaida amma bai iya haɗa soket ba, uban ya sake kai shi gareji ko wurin maƙera ya fara daga share shago. Mai gida kuma ya ci gaba da kiran mai wayarin da bai san bambancin wayar fitila da ta hita ba, gobara ta tashi a ce tsautsayi. Manyan ayyukan gini da na masana'anta, irin na kamfanin siminti da ke Kalambaina, ƙwararrun hannu suke nema, in ba a samu a gida ba a ɗauko daga nesa. Wannan abin takaici ne a Sakkwato, garin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rubuta cewa yana daga aikin shugaba ya kula da masu sana'a, maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa, ya tabbatar kowane gari yana da nasa.

Abin da ke rage nauyin

Babban gyara na hannun gwamnati. Kuɗin kayan da ke ƙarewa su zama layi na daban a kasafi, a lissafa su bisa kan ɗalibi da irin sana'arsa, domin abin da mai koyon walda ke ci ba ɗaya ba ne da na mai koyon ajiye lissafi. A sake su makon farko na zango kai tsaye zuwa asusun makaranta, a ba shugaban ikon kashe wani adadi a kan ƙananan gyare-gyare ba tare da jiran hedikwata ba, sannan a bi shi da bincike mai tsanani. Duk injin da za a saya a haɗa da girkawa da kayan gyara da horar da mutum biyu, don kada tafiyar ɗaya ta kashe sashen. Wanda za a naɗa shugaba a ba shi horon 'yan makonni kan kuɗi da sito kafin ya karɓi mabuɗi, a kuma yi miƙa mulki da ƙidayar kaya ɗaya bayan ɗaya, don kada ya gaji ɓatan da bai sani ba. Ƙungiyar shugabannin sakandare ta ANCOPSS ita ta fi dacewa ta riƙe wannan magana, tun da mutum ɗaya in ya yi ƙorafi ana iya jefa shi ƙauye, ƙungiya kuwa ba a yi mata canjin wurin aiki.

Kafin wannan ya samu, akwai dabarun da ke hannun makaranta. A sashen gini a yi koyo da kwaɓin farar ƙasa da yashi maimakon siminti, a rushe bayan darasi a kankare bulo a sake amfani da shi. A haɗa duk darussan da ke son janareta a rana biyu ko uku da safe, a tayar da shi sau ɗaya sassa su yi aiki tare, domin janaretan gas da ke tafiya ba kaya asarar mai ne kuma yana lalata shi. A kafa allo a bango a zana siffar kowace sifana da filaya da guduma a inda take rataye, minti biyar kafin a tashi a duba, gurbin da ya zama fanko kowa zai gani. A rufe injuna da tamfol da hunturu. Mabuɗin wokshof da littafin sito su zauna a hannun shugaban sashe da sa hannunsa, kiran dare kuma a yi shi karɓa-karɓa tsakanin shugaba da mataimakansa, kowa ya san makon da zai yi barci. Duk buƙatar da aka kai ma'aikata a kai ta a rubuce a ajiye kwafi mai hatimin karɓa, domin ranar bincike wannan takardar ce ke tsayawa mutum. A kuma yi yarjejeniya da garejoji da shagunan walda na gari, yara su riƙa zuwa rana ɗaya a mako da littafin da mai shago zai sa wa hannu.

Iyaye ma na da abin yi. In yaro ya dawo hutu, bayan an duba sakamako a tambaye shi sau nawa ya riƙe kayan aiki da hannunsa a zangon, me ya ƙera, sanda nawa ya ƙona. In amsar ba ta gamsar ba, a je taron iyaye da malamai a nemi shugaban ya karanto lissafin abin da darasi ɗaya ke ci da abin da ya shigo hannunsa, sannan a naɗa wakilai uku ko huɗu su ɗauki wannan lissafi su kai wa ma'aikata da ɗan majalisar jiha na mazaɓar kafin a kammala kasafin shekara mai zuwa.